Yadda Za Ka Hana Sabon Darakta Kashe Dodonka

Idan kai ne kake fitowa a matsayin dodo mai ido uku a shirin talabijin ɗin nan na jirgin sama jannati, kuma ka ji an sallami darakta an kawo sabo, kwantar da hankalinka. Sabon darakta ba ya jin ya kama aiki sai ya kashe wani a labari, amma bi matakan nan, na ba ka tabbaci dodonka zai kai ƙarshen zango da ransa.

1. Manta da tsohon darakta

E, na sani, shi ya kai matarka asibiti a motarsa ranar da naƙuda ta kama ta. Goge lambarsa. In aka ambace shi a wajen aiki, ɗan yamutsa fuska kamar mai ƙoƙarin tuna wani maƙwabci da ya daɗe da tashi.

2. Yarda da komai

Shekara da shekaru da hasken rana jirgin yake tafiya, yanzu sabon ya ce da baƙin cikin fasinjoji. Dodon da aka sani da haɗiye taurari kuma an ba shi ciwon baya da matsalar iyali. Gyaɗa kai. Amfanin kan robar dodon da kake sakawa ke nan, kana ciki kana zumɓura baki, kowa na ganin kana biyayya.

3. Yi nesa da ƙofar jirgi

Sababbin daraktoci na matuƙar son a buɗe ƙofar nan iska ta zuƙe mutum. Wanda yake fitowa a matuƙi ya jingina da ita yana hutawa, darakta ya kalle shi ya ce wata dabara ta zo masa. Yanzu cajar waya yake sayarwa a bakin titi, ka gaishe shi in ka wuce.

4. Tara masoya

Sa ƙannenka da 'yan layinku su cika intanet da rantsuwar in aka taɓa dodo sun daina kallo. Kada ka bar surukarka a baya. Ba ta taɓa kallon shirin ba, amma ta san in aikin nan ya tafi, gidanta za ku tare da yaranku duka, don haka ba wanda zai kai ta zafin rubutu.

5. Karɓi nasararka

Darakta zai kira ka ofis, ya ba ka kujera mai laushi, ya shaida maka jama'a sun yi magana, dodo ba zai mutu ba, har ma za a yi masa aure. Daga nan zai nemi ka ajiye kan robar a tebur, domin ƙanen matarsa ya gama makaranta yana zaune ba aiki, kuma tsawonku ɗaya.

"Ranka ya daɗe, muryata fa?" za ka tambaya.

"Wace murya, malam? Ai gurnani ne."

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ya wanke hannunsa daga duk abin da ya biyo baya, har da zama gidan suruka. Ranar da yaranka suka ga dodo a talabijin suka tashi suna tsalle suna cewa ga Baba nan, kada ka neme ni. Ka matsa musu a kujera, ka ƙara musu murya.