Bindigar Hajiya Umaima

Ko na manta da komai na zamana a Jidda, ba zan taɓa mantawa da wata Alhamis ba, ranar da ɗan sanda ya ce min in wuce, ni kuma na ƙi wucewa.

Satina uku ke nan da fara aikin direba a gidan Hajiya Umaima, a Aziziyya. Haifaffiyar Jidda ce, kakanta ne ya zo aikin Hajji daga ƙasar Haɗeja ya zauna. Hausarta tana nan, sai dai ba ta ƙarasa jimla ɗaya ba ta tsoma Larabci a ciki ba. Sana'arta harkar biki, abin da na sani ke nan. Me take yi a bikin, ban tambaya ba. Ni dai in sauke ta a bakin ɗakin taro, in koma gida in jira waya.

Gara in faɗi halina tun yanzu: ni mutum ne mai zargi. In aka yi min murmushi sai na tambayi kaina me ake nema a wurina. Ga shi sai da na sha wuya kafin iƙamata, wato takardar izinin zama, ta fito, don haka kullum ji nake kamar akwai wanda ke jiran in yi kuskure ɗaya a sa ni a jirgi. Abin da ya ƙara min shi ne Malam Idi, wani tsohon direba da muke shan shayi tare a Balad ranar Juma'a. Mu muka sa masa suna lauyan direbobi (bai taɓa buɗe littafin doka ba, amma babu dokar Saudiyya da ba ya yi wa sharhi). Shi ya zaunar da ni ya karanta min babin bindiga.

"Ka ji da kyau," in ji shi. "Takardar izinin bindiga ta mutum ce, ba ta mota ba. Ko maigidanka yana da izini, in aka same ta a motar kai kaɗai ne a ciki, taka ce. Kuma ko da wasa kada ka taɓa ta da hannu, yatsanka zai zauna a jiki. Daga nan sai gidan yari, sai jirgi."

Na haddace wannan fiye da yadda na haddace hanyar gida.

To, ranar Alhamis ɗin da safe na kai Hajiya wani ɗakin biki a Abhur. A hanya tana ta faɗa a waya, rabi Hausa rabi Larabci, ni kuma na kasa kunne kamar yadda na saba. Sai na ji ta ce, "Wallahi Kosha ta gajiyar da ni. Yau sai na gama da ita kafin magariba, halas!" Na dube ta ta madubi. Ban san wace ce Kosha ba, amma na ji tausayinta.

Bayan azahar ina gida sai ga wayarta.

"Malam, duba taht kujerar gaba, akwai baƙar jaka. Musaddas ɗina ne a ciki, na manta shi. Abin zuba masa yana cikin durj, a kwali. Ka haɗo min duka, yalla, bi sur'a. Kuma kada ka yi wasa da shi, ya taɓa ji wa wata ciwo."

Larabcina na Islamiyya ne da na talabijin, amma wannan kalmar na san ta. Musaddas, ƙaramar bindiga. Kowane fim na Larabawa da ita ake ƙarewa.

Na buɗe mota na durƙusa. Ga jakar kuwa. Na naɗe hannuna da tsumman goge gilashi (saboda yatsa, kamar yadda lauyana ya koyar) na shafa ta daga waje. Ga mariƙi. Ga wurin sa yatsa. Ga baki. Na buɗe aljihun gaban mota, ga kwali, na girgiza shi, wani abu ya yi ƙara a ciki. Na mayar na rufe a hankali.

Nan take komai ya haɗu a kaina. Me ya sa Hajiya ta ɗauki baƙo irina da bai san gari ba? Me ya sa kullum take tambayata ko na ci abinci? Ashe kiwona ake yi. Ita tana can cikin jama'a da shaidu, ni ne zan ɗauko makami a mota. In an kama, ni ne. In ba a kama ba, Kosha ce. Har na tuna ranar da ta ba ni turare, na ce lallai tun daga nan aka fara shiri.

Za ku ce me ya hana in buɗe jakar. Yatsa. Za ku ce me ya hana in sake kiranta in tambaya. Ai mai zargi ba ya tambaya, gani yake in ya tambaya ya tona kansa. Ƙin zuwa kuma ba zai yiwu ba, sunan gidansu ne a kan iƙamata. Haka na tayar da mota na kama hanyar Abhur, ina tafiya a hankali har wani mai babbar mota ya dinga danna min oda yana ɗaga hannu.

Kafin in kai, sai ga shingen 'yan sanda. Layin motoci, ana duba takardu. Na karanta duk addu'ar da na iya, har da ta shiga kasuwa. Da na iso, wani matashin ɗan sanda ya karɓi iƙama da lasisi, ya duba, ya dube ni, ya miƙo min.

"Yalla, ya hajj. Tawakkal."

Wato in tafi. An sallame ni, jama'a. Hanya a buɗe.

Amma zuciyata ta ce tarko ne. Ta ce sun riga sun sani, so suke in wuce su tare ni a gaba a ce na ɓoye. Sai na ji bakina yana magana da guntun Larabcina:

"Fi musaddas. Mu haggi! Hagg madam!"

Akwai bindiga, ba tawa ba ce, ta uwar ɗakina ce. Fuskar yaron nan ta canza nan take. Ya ja da baya, hannunsa ya koma ƙugu, ya kira babbansu. Aka ce in fito a hankali, in ɗora hannuwa a kan mota. Ƙarfen motar kuwa ya sha ranar Jidda, amma ban isa in ɗaga ba. Motocin baya duk an sauke gilashi ana kallo. Ni kuma da na ga an fara, sai na zazzage sauran: na ce akwai harsashi a kwali, na ce akwai wata mata Kosha, yau za a gama da ita kafin magariba, a taimaka a cece ta.

Babban nasu, wani mai furfura a gemu, ya tsaya ya dube ni. "Kosha?" Na ce Kosha. Ya sa safar hannu, ya jawo jakar, ya ɗora a kan mota, ya zuge zif a hankali.

Abin da ya fara fitowa igiyar wuta ce, doguwa, da filoginta. Sai bindigar ta biyo. Ta roba ce, ruwan hoda, ƙyalƙyali ya manne mata ko'ina, ga wani ɗan furen roba a like a bakinta. Ya buɗe kwalin harsashi, sai ga fararen sanduna kamar kyandir. Bindigar gam ce, irin wadda ake jona wa wuta a liƙa furanni da ita.

Bai yi dariya ba, kuma na fi son da ya yi. Ya ce, "Ya hajj, kosha ita ce kujerar da amarya ke zama a kai." Yaron da ya fara tare ni ne ya juya baya, kafaɗunsa suna rawa.

Da a nan abin ya tsaya da na gode Allah. Amma tunda na ambaci kisa, dole su ji daga bakin mai kaya. Aka kira Hajiya da wayata, aka buɗe murya kowa na ji. Babban ya yi mata bayani tiryan-tiryan, duk abin da na faɗa. Ta saurara har ƙarshe. Sannan ta ba su haƙuri da Larabci mai daɗi, ta ce a ba ni wayar.

"Malam."

"Na'am, Hajiya."

"Kawo min makamin. Kosha tana jira."

Tafiyar da ta rage ba ta kai minti goma ba, amma a cikinta na gama shirya kayana a zuci, har na zaɓi abin da zan gaya wa mutanen gida in na sauka a Kano. Na sami Hajiya a tsakiyar ɗakin taro, mata huɗu masu taya ta aiki suna zaune cikin tulin furanni, ga kosha can a kan dandamali, rabinta tsirara. Labari ya riga ni isowa. Ina shiga, duk su huɗun suka ɗaga hannuwa sama.

Hajiya ba ta yi dariya ba. Ta karɓi jakar, ta jona bindigar a wuta, sannan ta dube ni.

"Sati uku kana cin abincin gidana. Ka iya yarda cewa zan kashe mutum, amma ba ka iya tambayata kalma ɗaya ba?"

Wannan ta fi zafin ƙarfen motar. Na ce, "Ki yi haƙuri, Hajiya," ina kallon takalmina. Na ji kunyar da ban taɓa jin irinta ba, don gaskiya ta faɗa, ba ta ƙara ko ɗaya ba.

Ba ta kore ni ba. Ta miƙo min bindigar ta ce tunda ni na ɓata mata awa guda, ni zan liƙa furannin ƙasa. Na durƙusa a gaban kosha har magariba, na ƙone yatsu uku.

Har yau ina gidan, kuma zargin bai bar ni gaba ɗaya ba, hali ne. Sai dai yanzu in na ji kalmar da nake ganin na sani, nakan daure in ce, "Hajiya, me ake nufi da ita a nan?" Tambayar tana sa ni in zama kamar baƙauye na daƙiƙa biyar. Na gwada ɗaya hanyar, ta wayo, a gaban layin motoci da hannuwana a kan mota, kuma ba na ba kowa shawararta.