Inna Saude da Cibiyar Ƙwayar Zarra

"Lahiya lau, maigidan banza. Ka zo ka ga ko na mutu?"

Haka kakarmu Inna Saude ta amsa gaisuwar yayana Kamalu, wanda take kira mijinta tun yana goye. Daga Kaura ya zo Zurmi yi mata sallama, jibi zai tashi Indiya karatun shekara huɗu. Ita kuwa tun damina ɓarin jikinta ya shanye, kowa ya san da wuya ya dawo ya iske ta. Ni tun safe nake kuka a madafa, su wai wasa suke.

Ta tambayi abin da zai bar matarsa dominsa. Ya ce cibiyar ƙwayar zarra, abin da ido bai taɓa gani ba. Da ana zaton duk a mulmule take, ashe wata doguwa ce kamar ƙwai, wata a baje kamar masa.

"Yo ai furata ke nan tun da hannun ga ya mutu. Zauna in koya maka kyauta."

"Taki ko kaji ba su ci, tsohuwa."

"Ita ta yi maka ƙaton kan ga."

Ya ci gaba, wai in aka ɗura wa cibiyar ƙarfi sai ta harzuƙa, ta yi ta juyi tana karkarwa, sannan ta fitar da haske ta koma ta kwanta. Inna ta tambaye shi kwana nawa take yi kafin ta koma. Ya ce galibi ko ƙiftawar ido ba ta kaiwa.

"Kai kuma shekara huɗu. Abin da ba a gani ma ya fi ka hankali."

Ta ce tunda shari'a ta zo Zamfara, gobe a amalanke za a kai ta gaban alƙali ta yi ƙararsa. Ya ce alƙali na ganin bakin nan ba haƙori zai ba shi gaskiya. Suka yi ta ƙyaƙyata su biyu, wallahi haushi suka ba ni.

Sai ta kamo shi da hannunta mai lafiya.

"To sake ni kafin ka tahi. Ba ni son in mutu ana cewa miji ya gudu ya bar ni."

"Ban saki ba." Ya riƙe hannunta gam. "Ki jira ni."

Ta yi dariya har hawaye suka gangaro mata cikin kunne.

"Ka ci, ja'iri."

Ta sa ni na zare mata zoben azurfar da bai taɓa barin yatsarta ba, ta danƙa masa.

"Riƙe, kada masu wanka su riga ka."