Na'a-na'ar da Ba Ta da Saiwa

Akwai wata ranar Laraba da ba zan taɓa mantawa da ita ba, ko da na so, domin dangin mijina ba za su bari ba.

Lokacin ban daɗe da fara shuka a tsakar gidanmu da ke Talata Mafara ba. Tsofaffin bokitan fenti na huda wa gindi, na zuba ƙasa da taki, na shuka na'a-na'a da daddoya da lansir. Allah Ya sa albarka suka yi kore shar, ni kuma bakina ya buɗe. Duk wanda ya shigo sai na ja shi wajen bokitan. Hotunansu kuwa kullum ina tura wa dangi ta waya (har da bayanin cewa ni na daina cin ganyen kasuwa, tunda ban san da wane ruwa ake ba shi ba).

Yaya Rabi, yayar mijina da ke aure a Maradun, mace ce da ba ta cika yabo ba. Tun da aka kawo ni ban taɓa jin ta ce girkina ya yi ba. Sai ga shi ta bugo waya, wai za ta zo ran Laraba ta ci farfesun kifi da daddoyar nan da aka ishe su da labarinta, ta kuma ɗebi irin na'a-na'a.

Ran Talata da safe na leƙa barkar haihuwa, na bar ƙyaure a buɗe. Da na dawo sai na tarar da akuyar maƙwabta ta aske bokitan tas, tana kallona tana tauna na ƙarshe.

Mai hankali zai kira Yaya ya faɗa mata gaskiya. Ni kuwa abin da na tuna shi ne yau kasuwa take ci. Na zura hijabi na je na sayo ganye ɗauri-ɗauri, na lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu. Gari na wayewa na bi bokitan ina tsira ganyen cikin ƙasa. (Maigida ya tsaya ya kalle ni, ya ce shi dai bai ga komai ba, ya tafi aiki.)

Yaya ta iso da ƙannenta mata biyu. Suka ci farfesu, har ta nemi ƙari, ta ce lallai ganyen gida daban yake da na kasuwa. Maimakon in yi shiru, sai na kama ƙara mata bayani.

Bayan la'asar ta ce mu je ta ɗebi iri. Ganyen duk sun langaɓe, na ce rana ce ta yi yawa. Ta duƙa ta kama na'a-na'a guda ta ja a hankali don kar saiwa ta tsinke. Sai ga curi guda ya biyo ta, gindi a yanke, ɗaure da zaren buhu. Wannan ɗayan na manta ban kwance ba.

Ta ɗaga shi sama, ta juya shi ta sake juyawa.

"Amarya, wanga iri naki har da ɗamrinshi yake hitowa?"

Ƙannen suka zube ƙasa da dariya. Na ji kamar in shige cikin bokitin. Da ƙyar na iya furta kalmar akuya.

Yaya ba ta yi faɗa ba. Ta karkaɗe ƙasar ta jefa ɗaurin a jaka, ta ce ashe ban sani ba, na'a-na'a ko an yanke ta, in aka tsoma ta cikin ruwa saiwa take fitarwa. Haka kuwa aka yi, ta kama mata a Maradun. Wadda nake sawa a shayi yanzu ma daga wurinta aka aiko mini, kuma da gangan ta ɗaure ta da zaren buhu.

Har yau ina shuka, amma na koyi rufe abu biyu: ƙyauren gida da bakina.