Munafukin da Muka Hau Kamawa a Saman Tanki

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na ja zugar ƙarti muka hau saman tankin ruwa wai za mu kama munafuki. Har yau in na tuna sai in ji kamar in nutse.

A wani kamfanin roba nake aiki a Sharaɗa, masu yin buta da bokiti. A bakin inji na yi furfura. Ƙarar wurin nan, ko "miƙo min" za ka ce wa na kusa da kai sai ka ɗaga murya kamar gobara ta tashi. Matata ta sha ce min, "Malam, ni fa ba a Challawa nake ba, ga ni a gabanka." Ban taɓa sa maganarta a ma'auni ba.

Da azahar ana kashe janareto a ba mu hutu. Muna da majalisa a gindin wata darbejiya, jikin ginin ofis. In an idar da salla kowa ya juye abincinsa a tire ɗaya mu sa hannu. Ni ne babba, ni ke buɗe hira, kuma yawanci manaja ne abin hirar (ba zagi ba ne, gyara kayanka ne).

Sai wani abu ya fara faruwa. Duk abin da muka faɗa, washegari manaja ya sani. Na tsokani Ɗanlami, abokin aikina, kan barcin da yake yi a bayan buhuna, da safe aka kira shi ofis aka ja masa kunne. Na ce manaja yana tafiya kamar agwagwa, washegari ya zo wucewa ta gaban injina ya tsaya ya ce, "Malam, yau tafiyar ta gyaru?"

Nan na ce akwai munafuki a cikinmu, kuma ban sha wahalar nemo shi ba. Akwai wani Iliya, mutumin Damagaram, mai ɗaure kaya a sito. Zai yi salla da mu, ya gaishe mu, sannan ya ɗauki kwanonsa da wani ƙullin buhu ya hau tsanin tanki shi kaɗai. To ni a sanina mutum ba ya cin abinci shi kaɗai sai in ba shi da lafiya, ko marowaci ne, ko yana ɓoye wani abu. Iliya garau yake, kuma yana rabon goro. Saura me?

Na ce wa jama'a daga sama yake kasa kunne, ya buga wa manaja waya. Aka daina amsa gaisuwarsa. Na rantse sai mun kama shi dumu-dumu mun hana shi sakat har ya bar kamfanin. Na san da aikin nan yake ciyar da iyalinsa a can gida, amma lokacin ko a jikina.

Ranar da muka shirya, muka bar Sabo direba yana gadin abinci, ni da Ɗanlami da wasu muka bi tsani a hankali. Gwiwoyina suna ƙara, ina haki, amma ina gaba.

Muka same shi a inuwar tanki, ya miƙe ƙafa. Ya cinye abincinsa, yana saƙa kwando da igiyoyin robar nan da ake yankewa daga jikin kaya a zubar. Iska tana kaɗawa, fuskarsa kamar wanda ya dawo daga Umara.

Na ce, "Iliya, asirinka ya tonu. Fito da wayar."

Ya ce, "Wace waya, Baba? Tana ɗakin maigadi tana caji."

"To me kake yi a nan kai kaɗai kamar maye?"

"Kwando nake saƙawa. Kuma ina hutar da kunnena."

"Kar ka raina min hankali. Wa yake kai wa manaja maganarmu?"

Iliya ya ɗaga hannu alamar mu yi shiru. Sai ga muryar Sabo daga ƙasa, tar kamar a rediyo, yana ce wa wani, "Ai sun hau kamo ɗan banzan, yau agwagwa za ta rasa ɗan aike."

Iliya ya nuna da haɓa. Daidai saman darbejiyarmu ga tagar ofishin manaja a buɗe, labule yana kaɗawa. Ashe in an kashe janareto na'urar sanyaya ɗaki ta tsaya, buɗe taga yake yi.

Iliya ya ce, "Wannan fa muryar Sabo ce, Baba. Taku har bakin get ana ji. Ni ita na gudo wa."

Ɗanlami ya juyo ya kalle ni, kallon da ban so ba. Ban gama haɗiye wannan ba manaja ya leƙo ta taga, da cokali a hannunsa, ya ɗaga kai ya ce, "Malam, kun kama shi? Tun shekaranjiya nake jin shirin."

Saukowa daga tsanin nan ta fi hawansa tsawo.

Washegari na sayi goro na sake hawa, ni kaɗai, na ba Iliya haƙuri. Ya ce ba komai, ya matsa min a inuwa, ya ci gaba da saƙarsa. Na buɗe baki zan fara labari, ya miƙo min igiya. Na gane.

Yanzu can nake hutuna, shi a wancan gefen tanki, ni a wannan. Na ji kukan kurciya a Sharaɗa, abin da ban san akwai ba. Na saƙa kwando, ya karkace, matata tana zuba albasa a ciki, kuma ta ce na rage ihu. Su Ɗanlami kuwa sun fara cewa zaman kaɗaicin nan nawa akwai wata a ƙasa. Ina jin su sarai daga sama.

Abin da na koya shi ne, kafin ka hau tsani neman mai kai maganarka, fara rufe bakinka ka gani ko za ta daina zuwa.