Yaba Andani Ya Sa Babur Azumi

"Naa, Yaba. Ya mutanen Changli? Ya gona? Au, afuwa, ashe yau ba a kai ba."

Zakir ne yake gaida kakansa na wajen uwa, Yaba Andani, yana durƙushe da sifana a hannu. Ni ina gefe ina facin taya, don rumfata tana manne da tasa ta gyaran babur a unguwar Aboabo. Na saba jin su, kullum suka haɗu sai an yi kamar za a kira ɗan sanda, ni kuwa in sha dariya. Ran nan dai dariya ba ta zo mini ba. Jiya aka yi ruwan shuka na farko bayan an daɗe ana kallon sama, ga tsoho da hantsi ya turo babur da ƙafa, rigarsa sharkaf da gumi, ƙaramin buhun irin masara da fartanya ɗaure a baya. Gonarsa ta da tana Vittin, gidaje suka cinye ta, yanzu sai ya yi nisa a hanyar Salaga kafin ya taka ƙasar da zai noma.

"Ba ni benci, ɗan banza," in ji tsohon. "Ka bar babba a tsaye kamar sandan lantarki."

"Sandan lantarki yana da wuta, Yaba. Kai naka ya ɗauke tun zamanin tsohon kuɗin sidi. Daga ina ka turo gawan nan?"

"Daga shingen Vittin. Kuma ba gawa ba ne, hutawa yake yi. Moton nan ya girme ka, ya fi ka hankali, ya fi ka mata."

"Moto yana da mata?"

"Ba yarinyar da ta taɓa ƙin hawa bayansa. Kai wa ya hau naka, ban da buhun gawayi?"

Zakir ya taka kik, ƙafarsa ta tafi ƙasa sakayau ba nauyi. Ya kwance fulogi ya duba, ya ga bakinsa fari fat kamar toka. Nan na ga fuskarsa ta canza, amma bakinsa bai canza ba.

"Yaba, wa ya taɓa kabureta?"

"Aljanu."

"Aljanin yana cin goro, don ga jan yatsansa a kan sukurun."

Ya sauke kaburetar, ya kwance ɗan jet ɗin da mai yake bi ya shiga inji, ya ɗaga shi sama yana leƙawa. Da bakin filaya ya zaro siraran zaren jan ƙarfe, irin na cikin wayar rediyo. Dabara ce da ta yaɗu a garin nan tun da fetur ya fi ƙarfin talaka: a cusa waya a ramin jet don mai ya riƙa ɗiga da kaɗan-kaɗan. Masu hankali zare ɗaya suke sawa, Yaba kuwa sai da ya yi kitso.

"Ka sa moto azumi," Zakir ya ce. "Ba sahur, ba buɗe-baki. Ko Malam na masallacin Juma'a bai kai ka tsanani ba."

"Lada yake samu. A da galan ɗaya ya kai ni gona ya dawo da ni da kyar. Da na yi masa aikin nan, sai na je na dawo, na je na dawo, tanki yana ta yi mini godiya. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba."

"Ka hango fetur, ba ka hango fistin ba. Garin neman gira ka rasa ido. Inji in bai sha mai ya ƙoshi ba zafi yake ɗauka. Ka dafa shi kamar wake, Yaba."

"Ƙarya kake, makanike na banza. Mastan da ya koya maka aiki ma ni na koya masa hura taya."

Zakir ya ɗauki sifana. Ya kwance kan injin, ya juyo shi ya nuna masa. A tsakiyar fistin akwai rami, ɗan yatsa zai shiga, cikin bulo kuma, inda fistin yake kai-komo, duk ya karce. Tsohon ya sa yatsa a ramin ya daɗe bai cire ba. Wallahi tausayinsa ya kama ni, don na san abin da ke bayan ramin nan. Babban ɗansa, Abdul-Rauf, ya rantse a gaban dangi cewa ranar da babur ya sake yar da tsohon a hanya, ranar zai karɓe makulli, ya sallama gonar ga masu yankan fuloti, Yaba ya zauna a zaure yana jan carbi. Kuma Zakir aka ɗora wa kai rahoto.

"A liƙe shi," in ji Yaba a hankali. "Ga mai faci nan."

"Fistin ba tayar keke ba ne. Sai sabon bulo da fistin da ringi, kuma ko ka sayar da haƙoranka duka ukun ba za su saya ba."

"Huɗu ne."

"Na huɗun yana rawa, ban ƙirga shi ba."

Tsohon ya ɗan murmusa, sannan ya dubi buhun irin. "Ƙasa ya jiƙe, Zakir. In rana ya buge shi yau da gobe, shi ke nan, sai wani ruwan, kuma wa ya san ranar wani ruwan? Ni ban iya zama ba. Ranar da suka zaunar da ni a zaure, ka fara auna likkafani."

"Yadi ɗaya ya ishe ka, duk ka ƙanƙance."

Zakir ya faɗa ne da wasa. Ana haka wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Ya duba, ya juya wa kakan fuskarta ya ga sunan Abdul-Rauf. Yaba ya kau da kai yana kallon titi.

"Kawu, ina kwana. E, yana nan, ya cika mini rumfa da warin taba." Ya saurara. "An gan shi yana turawa? To, ba abin mamaki ba ne, ai ka san rowar tsohon nan, ko inuwarsa ba ya bari a taka kyauta. Ina dubawa yanzu. Kafin azahar zai tashi, yau a gona zai wuni. Ni na ce maka, Kawu."

Ya kashe wayar. Ni dai na sunkuyar da kai kan tayata, don na san ba shagon da zai ba Zakir bulo a kan kyakkyawar fuska, kuma aiki ya yi ƙasa, kowa sai dai ya zo a matse masa sukuru ya tafi.

"Ka yi wa kawunka ƙarya," in ji Yaba.

"Ban yi ba tukuna. Sai azahar ta yi bai tashi ba."

Zakir ya shiga bayan rumfa ya turo nasa babur ɗin, iri ɗaya da na tsohon, wanda yake zuwa aiki da shi, yake kai uwarsa kasuwa. Ya kafe shi kusa da na kakan, ya durƙusa ya fara kwance kan injin.

"Kai, bari," tsohon ya ce. "Da me za ka yi yawo?"

"Da ƙafa. Na ga wani tsoho ya taka daga Vittin bai mutu ba, duk da addu'ar da nake yi."

"Uwarka fa?"

"'Yarka ce, ta gaji taurin kai, za ta hau yalo-yalo mai ƙafa uku. Amma ka ji sharaɗi: in ka sake kusantar kabureta da waya, ni da kaina zan kai ka zaure in ɗaure ka da ita."

Yaba ya dubi babur ɗin jikansa. Ya share ido da hannun riga, ya ce hayaƙi ne, alhali ba injin da ke aiki a wurin. Can ya laluba jakar da ke rataye a kafaɗarsa, ya fito da gorar roba cike da fetur, an toshe bakinta da leda.

"Ungo. Wanda na tara ne da dabarar tawa. Ka ci ni yau, ɗan banza."

Zakir ya karɓa, ya dubi gorar, ya dubi babur ɗinsa da ke tsaye ba kai.

"In zuba a ina, Yaba?"

Tsohon ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Ajiye. Ka ga naka yanzu ya fi nawa tsimi, ko ɗigo ba zai sha ba."

Zakir ya ajiye gorar a inuwa, ya ce mini in miƙo masa sifana mai lamba goma.