Ranar da Na Shimfiɗa wa Jirgi Tabarma

Ba zan taɓa mantawa da ƙarfe goma na safiyar wata Laraba a Kalgo ba, gab da samun mulkin kai. Waɗanda ke wurin su ne hakimi, da dattawan gari, da leburorina, sai ni a tsakiyar fili riƙe da farar tuta. Amma bari in bi abin daki-daki, don ba na son labari mai tsallake-tsallake.

A lokacin ina riƙon ƙwaryar shugaban leburorin hanya. Mu biyu ke neman a tabbatar mana da kujerar, ni da wani Haliru da ke aiki a Gwandu, kuma maganar hakimi ce za ta raba mu. Ana nan sai wasu Turawan safiyo suka yi zango a Gwandu da jirgi mai saukar ungulu, wanda ba ya gudu a ƙasa, tsaye yake saukowa. Aka ce za su zo duba fadamarmu. Hakimi ya ce ni zan gyara musu wurin sauka.

Sambo masinja ne ya kawo bayanin yadda za a gyara daga Gwandu, a kan kekensa. (Sambo ƙanen matar Haliru ne, kuma tun da ya jingine keken ban sake masa fuska ba.)

"Malam, sun ce a samu fili nesa da itace, a kwashe komi da ke ciki, ko kara kar a bari. A zuba ruwa ƙasa ta jiƙe. A yi alama da farar ƙasa damammiya. Mutane su tsaya can nesa."

"Rumfa fa?"

"Babu rumfa."

"Tabarma?"

"Sun ce ko guda."

"Wato hakimin gari ya tsaya a rana, cikin taɓo, ya tarbi baƙi? Wa ya faɗa maka haka, Bature ko surukinka?"

"Allah shi huci zuciyarka, Malam. Tafinta ne, amma Haliru na tsaye wurin. Ni dai abin da anka ce mini ke nan."

Haliru na tsaye wurin! Ai ban nemi ƙarin shaida ba. Na zauna na jera abin a kaina. Na farko, babu inda ake tarbar baƙo a fili tsirara. Na biyu, ba a taɓa jin an jiƙa wa baƙo wurin taka ƙafa da gangan ba. Na uku, idan hakimi ya kunyata, ni za a kora, Haliru ya hau. Saboda haka na yanke cewa duk abin da Sambo ya faɗa, akasinsa ne gaskiya.

Na sa aka share fili tas. Na sa aka ɗebo busasshen rairayi mai laushi daga gulbi aka baza, kamar yadda ake yi wa filin masallaci. Alama kuwa da toka na zana ta, da'ira babba, don ta fi fari. A bakin da'irar na kafa rumfar zana, na shimfiɗa wa hakimi darduma, na ari tabarmi gida-gida na jera su layi-layi, ba wadda ta wuce 'yar'uwarta. Mata suka kawo fura a ƙorai, an rufe da faya-fayai. Wani tsohon lebura, Manu, ya ce, "Malam, ruwan da anka ce fa?" Na dube shi na tuna na taɓa ganin Haliru ya ba shi goro. Na ce ya kama bakinsa.

Da hakimi ya iso ya ga tsari, ya ce, "Madalla, malam." Na duƙa na ce, "Ranka shi daɗe," raina fari ƙal. Na hango Sambo ya koma can gindin wata tsamiya mai nisa ya raɓe. Na ce a zuciyata, kunya ce ta kama shi.

Sai ƙarar jirgi. Na shiga tsakiyar da'ira na ɗaga tuta, don kada matuƙin ya yi kuskure. (Ba wanda ya ce in yi haka. Ni na ƙara.)

Abin da ba wanda ya faɗa mini, ni ma ban tambaya ba, shi ne iskar da farfelar da ke juyawa a saman jirgin ke turowa ƙasa. Faya-fayai ne suka fara tashi. Sai tabarmi, layi bayan layi, yadda na jera su. Sai rairayi da toka suka murtuke har ban iya ganin hannuna ba. Na ji rumfa ta yi ƙara ta tafi. Daga nan babbar rigata ta tashi ta kife mini a ka, ta bar ni daga ni sai wando mai faci a gwiwa, gaban dukan dattawan Kalgo. Na ruga ba na gani, ban tsaya ko'ina ba sai cikin ƙoran fura.

Da na yaye rigar, jirgi ya riga ya cira sama ya yi fadama. Can ya sauka, a wata gonar shinkafa da aka girbe, mai danshi, ba tabarma ba kowa. Hakimi kuwa yana zaune a kan dardumarsa bai motsa ba, toka tun daga rawani har gemu, idanunsa kawai ke ja. Da ƙafa ya taka har fadama ya gaishe da baƙinsa, mu muna biye, fura na ɗiga daga gwiwar hannuna.

Matuƙin bai yi dariya ba. Ya yi magana mai tsawo, tafinta ya ce, "Yana cewa da tabarma guda ta naɗe a farfelar wutsiya, da yanzu ana haƙa kaburbura. Yana tambaya ko saƙo bai iso ba."

Hakimi ya juyo. "Sambo, ka kai saƙo?"

"Na kai, ranka shi daɗe. Har batun ruwa."

"Malam, ya kai?"

Na ce, "Ya kai, ranka shi daɗe."

Hakimi ya juya wajen baƙinsa. Da wata ya kama Haliru ya zo ya karɓi leburori, ni aka mayar da ni awon tsakuwa a ƙarƙashinsa. Ranar da ya fara aiki ya riƙe hannuna ya ce, "Malam, wallahi na ji tausayinka." Na ce na gode.

Na koyi cewa saƙo ba ya zama ƙarya don ba ka son wanda ya kawo shi, kuma Gwandu ba ta yi nisan da zan kasa hawa keke in je in tambaya ba. Wannan na yarda da shi. Abin da ya rage mini guda ne. Haliru ya san halina sarai, kuma masinjoji sun fi ɗaya a Gwandu. Me ya sa sai surukinsa aka turo mini da gaskiya?

Haliru dai ya rasu ban tambaye shi ba, Allah ya jiƙansa. Idan a cikinku akwai wanda ya zauna da shi har ya taɓa jin ya ba da labarin nan yana dariya, don Allah ya zo ya same ni a Kalgo ya faɗa mini a daidai wane wuri ya fara dariyar.