Mai Tsawon Dubu Ɗaya da Ɗari Biyar

Wani ne gajere, irin gajeren da idan ya zauna a kan benci ƙafafunsa lilo suke yi. Aikinsa guga a wani shagon wanki, kuma ya tsani aikin nan, don teburin gugar a ƙirjinsa yake tsayawa, sai da aka ajiye masa bulo biyu yake takawa.

Wata rana ya ji wani kamfani zai ɗauki masu gadi, har da kaki da takalmi. Sharaɗi ɗaya ne: tsawon mutum ya kai mita ɗaya da ɗigo bakwai. Ya dawo gida da yamma ya tarar da 'yarsa ta baje littattafai a tsakar ɗaki, tana bitar lissafin awo, don washegari suna da jarrabawa.

Ya ce, "Ke, ajiye wannan ki zo ki auna ubanki."

Yarinya ta ɗauko tef ɗin ɗinkin uwarta, ta jingina shi da bango. Tef ya kusa isarsa ma, sai ɗan guntu ta ƙarasa da rula. Ta ce, "Baba, ɗari da hamsin da takwas."

Gogan naka ya wangale baki. "Ɗari da me? Su fa ɗaya da 'yan kai suke nema."

"Baba, wannan santimita ne. Idan aka mayar da shi..."

"Kar ki mayar min da komai. Ɗari da hamsin da takwas da ɗaya da ɗigo bakwai, wanne ya fi yawa?"

"Ai lambar ce kawai take canzawa, Baba. Ka ga, a milimita kai dubu ɗaya da ɗari biyar da tamanin ne."

Mutumin ya dafe bango. "Yanzu-yanzun nan? Ina tsaye na ƙaru haka?"

Yarinya ta ga abin zai lalace, ta ce bari ta gwada ta wata hanyar. "A kilomita kuma, Baba, sifili ne da ɗigo sifili sifili..."

Ya daka mata tsawa. "Rufe littafin nan! Uban naki ne sifili? Tsaya a inda muka tsaya ɗazu."

Matarsa tana kan keken ɗinki, ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "Malam, mai dubu, idan ka gama ka hau kujera ka sauko min da zaren can na kan kabad."

Ya ce hassada ce ke damunta, kuma da ma can danginta ba su taɓa son ci gabansa ba.

Da safe ya nufi shagon wanki, yana tafe yana sunkuyar da kai a kowace ƙofa, kada ya buge. Mai shagon wani zabgegen mutum ne, yana tsaye yana ninke zanen gado. Gogan ya ɗaga kai ya kalle shi ya ce, "Alhaji, nawa ne tsawonka?"

"Mita ɗaya da ɗigo tara. Lafiya?"

Ya kwashe da dariya har da riƙe ciki. "Ashe duk wannan jibgin na banza ne, ko biyu ba ka kai ba. Shekara da shekaru ina yi wa ɗaya da ɗigo tara bauta!" Ya sa ƙafa ya ture bulon nan biyu, ya zare wayar dutsen guga ya miƙa masa. "Ga kayanka. Ka nemi sa'anka."

Alhaji ya ce, "Ka tabbata? Wallahi idan ka fita ƙofar nan, ba ka dawowa."

"Ƙofar ma ta yi min kaɗan."

Kafin azahar an ɗauki wani a gurbinsa.

A harabar kamfani ya tarar da layi, ƙarti dogaye kamar turakun wutar lantarki. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana tambayar tsawonsu. Wannan ya ce ɗaya da ɗigo takwas, wancan ya ce ɗaya da ɗigo bakwai da rabi. Tausayinsu ya kama shi sosai. Ya ce da na gabansa, "Ɗan'uwa, ka koma gida kawai, kar rana ta dake ka a banza. Idan na shiga zan sa maka baki."

Layi ya zo kansa. Mai awon wani tsohon shugaban masu gadi ne, fuska ba annuri, yana riƙe da sanda. An ja jan layi a jikin bango, duk wanda kansa ya taɓa layin ya wuce ciki.

Ya ce, "Cire takalmi. Cire hula. Jingina."

Gogan ya jingina, ya turo ƙirji. Jan layi yana can sama, tsakaninsa da kansa kusan taƙi guda.

Mai awo ya leƙo ƙasa ya ce, "Miƙe tsaye mana."

"A tsaye nake, yallaɓai."

Ƙartin layi suka fara dariya ƙasa-ƙasa. Mutumin ya yi ɗage a kan yatsu, mai awo ya sa sanda ya danna kafaɗarsa ya mayar da shi ƙasa.

"Mita ɗaya da rabi da 'yan kai. Na gaba."

Hankalinsa ya tashi, ya tuna dutsen gugar da ya miƙa da hannunsa. Ya riƙe sandar ya ce, "Yallaɓai, bangon nan naku ne ba daidai ba. Na rantse maka, jiya a gida dubu ɗaya da ɗari biyar da tamanin nake. 'Yata ce ta auna, 'yar sakandare ce, yau ma jarrabawar abin take yi."

Mai awo ya dube shi daga sama har ƙasa, abin da bai ɗauke shi lokaci ba, ya zare sandarsa ya ce, "To koma gida ka ɗauko ragowar, muna nan muna jiranka."